Yadda Ake Haɗa Katin Gaisuwa da Kalar Ruwa da Hatimin Roba

Duk lokacin Sallah ko suna ko ɗaurin aure, wayoyinmu kan cika da hoto iri ɗaya da kowa ke tura wa kowa, kafin gari ya waye an manta wanda ya aiko. Katin da mutum ya zauna ya haɗa da hannunsa kuwa, Inna za ta sa shi a bayan gilashin kabet, duk baƙon da ya shigo a nuna masa. Aikin ba ya neman gwanintar zane. Kalar ruwa ce za ta shimfiɗa launin bango, hatimi ya ɗora siffa da rubutu a kai. Abubuwa uku ne ke raba katin da ya yi kyau da wanda ya lalace: irin takardar, irin tawadar, da haƙurin jiran bushewa. A kansu zan fi tsayawa, musamman ganin yadda iskar Katsina ke shanye ruwa daga kan takarda.

Kayan da za ka tara

Fara da takarda, don a nan ne bai kamata a yi rowa ba. Takardar fotokwafi nauyinta giram 70 zuwa 80 ne a kowace murabba'in mita, da ruwa ya taɓa ta sai ta yamutse. Takardar da aka yi domin kalar ruwa takan zo da lambar nauyinta, 200 ko 300, a bangonta, kuma mai 300 ce ta fi jure jiƙa. Iri uku ce: mai gurje-gurje, mai ɗan gurje kaɗan, da mai santsi. Masu zane sun fi son mai gurje, amma mu da za mu buga hatimi, mai santsi ko mai ɗan gurje kaɗan ta fi mana, domin tawada ba ta shiga ramukan takarda, sai layin ya fito a tsittsinke. Ka duba shagunan kayan makaranta da na masu buga katin aure a babbar kasuwa. In ba a samu ba, a yi sautu daga Kano, ko a nemi farin kwali mai kauri wanda fuskarsa ba ta sheƙi. Mai sheƙi ba ya shan ruwa, kalar sai ta taru a kansa ɗigo-ɗigo.

Sai kwali mai launi na jikin katin, da ambulan. Kala kuwa, ka ce wa mai shago irin ta 'yan makaranta kake so, mai ƙananan dunƙule a jere cikin gwangwani, kada a miƙo maka fentin ruwa na shafen ɗaki. Mai launi 12 ta wadatar. Ka samu buroshi biyu, faffaɗa na shimfiɗa da mai tsini na ƙananan wurare, da kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na jiƙa takarda. Farin farantin tangaran ya isa wurin haɗa launi. Ƙara da tef ɗin takarda irin na masu fentin mota, da katako ko bayan tire, da rula ta ƙarfe, reza ko wuƙar yankan takarda, fensir mai laushi 2B, gam, tsumma, tishu, gishiri, da guntun farin kyandir.

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san halin kalar ruwa ko bai taɓa riƙe buroshi ba. Garin launi ne aka ɗaure da ƙaro, wannan ƙaron da ake sakawa a tawadar allo. Shi ya sa ko ta bushe, da ruwa ya sake taɓa ta sai ta farka ta motsa. Riƙe wannan a rai, zai bayyana maka dalilin yawancin abin da zan faɗa a gaba.

Awo da yanka

Kwali mai girman A4 faɗinsa santimita 21 ne, tsawonsa 29.7. Raba shi gida biyu, kowane rabi ka ninke shi biyu, ka samu kati biyu masu santimita 10.5 da 14.8, daidai ambulan mai lamba C6. Kafin ninkewa, ɗora rula a tsakiya ka ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, kana ɗan dannawa. Wannan layin ne zai sa kwalin ya ninku ba tare da ya tsage a baki ba. Sannan ka murje ninkin da bayan cokali.

Kada ka yi fenti a jikin katin kai tsaye. A wata takarda dabam ake yin launin, in ta yi kyau a manna, in ta ɓaci ba a yi asarar kwali ba. Takardar kala A4 guda tana ba da fuska huɗu, waɗanda daga baya za a rage su zuwa 9.5 da 13.8 don kwalin ya leƙo ta kowane gefe da rabin santimita.

Shimfiɗa launin bango

Manna takardar a kan katako da tef ta gefe huɗu. Kafin ka manna, ɗan liƙa tef ɗin a jikin rigarka ka cire, ƙarfin gam ɗinsa zai ragu, ba zai saɓule fuskar takarda ba ranar cirewa. Ɗiga ruwa a kan launukan da za ka yi aiki da su, ka bar su minti biyu su yi laushi, sannan ka haɗa su a faranti tun kafin ka jiƙa takarda. Wanda ya jiƙa takarda sannan ya koma haɗa launi, kafin ya juyo ta bushe. Kaurin da ake so kamar na zoɓon da aka tace, yana gudu amma launinsa a bayyane. Ka ɗan ƙara masa ƙarfi fiye da yadda idonka ke so, domin kalar ruwa tana kwantawa ta yi haske idan ta bushe.

Yanzu shafa ruwa mai tsabta a kan takardar da faffaɗan buroshi, daga sama zuwa ƙasa. Karkata katakon wajen haske ka duba. Ana son ko'ina ya yi sheƙi ba tare da ruwa ya kwanta ba. In ya kwanta, taɓa shi da bakin tishu. Ɗauko launin farko ka ja daga sama, gefe zuwa gefe, kana sauka a hankali. Wanke buroshi, ɗauko na biyu ka faro daga ƙasa kana hawa. Inda suka haɗu, ka ɗaga katakon kaɗan ka bar ruwa ya gauraya su da kansa. Hannu yakan so ya koma ya gyara, to a nan ake ɓata aiki, don kowane komawar buroshi yana ɗaga abin da ya fara kwanciya ya bar tabo.

Launi biyu sun isa, uku shi ne iyaka. Rawaya da ja suna haifar da ruwan goro, irin sararin yamma gab da magariba. Shuɗi da ja suna ba da shunayya, shuɗi da rawaya kore. Amma shuɗi da ruwan goro, ko ja da kore, in suka cakuɗe jiƙe sai su koma ruwan ƙasa mai dauɗa. In kana son sararin da ya taso daga shuɗi a sama ya sauko ruwan goro a ƙasa, sa ɗan ruwan hoda a tsakaninsu ya raba su.

Ga inda yanayinmu ya shigo. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, da kuma bazara mai biye masa, iska a bushe take ƙwarai, takarda ƙarama irin wannan tana iya rasa sheƙinta kafin ka gama launi na farko. Kashe fanka, rufe taga, ka yi aikin da sassafe. Jiƙa takardar sau biyu: ka shafa, ka jira ta sha, ka sake shafawa. Ɗigo ɗaya na gilisirin, wanda mata ke haɗawa da man shafawa lokacin sanyi, a cikin kofin ruwan jiƙawa yana jinkirta bushewa. Kada ya wuce ɗigo ɗaya ko biyu, in ya yi yawa takardar za ta daɗe tana danƙo. Sai ƙura, wadda ke sauka kan jiƙaƙƙen launi ta zauna daram. Da ka gama, kifa babban kwano a kai, ka tokare gefe ɗaya da fensir don iska ta shiga. Da damina kuwa akasin haka ne, jiran ne zai yi tsawo. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana barin farin tabo a jikin tukunya, yi amfani da fiya wata.

Akwai 'yan dabaru da ke ƙawata bango ba tare da wahala ba. Gishiri ne aka fi sani: ana yayyafa 'yan ƙwayoyi lokacin da sheƙin ya fara raguwa amma bai tafi ba, kowace ƙwaya ta zuƙo launin da ke kewaye da ita ta bar farin fure. In takardar ta jiƙe sharkaf gishirin narkewa zai yi, in ta bushe ba abin da zai faru, don haka a gwada a ƙyallen takarda a gane lokacin. Bayan an bushe a kakkaɓe shi tas, kada ƙwaya ta rage ta hana hatimi zama. Kyandir kuma ana zana shi ne a busasshiyar takarda tun kafin ruwa, duk inda ya bi kala ba za ta kama ba. Sai dai tawada ma ba za ta kama wurin ba, saboda haka a nisanta shi da inda hatimi zai sauka. In kana son farin wata, naɗe murfin kwalba da tishu ka danna a kan jiƙaƙƙen shuɗi ka ɗaga. Taurari kuwa, tsohon buroshin haƙori da farar kala mai kauri, a gurza da babban yatsa, bayan bango ya bushe.

Jira

Taɓa takardar da bayan hannu. In ka ji sanyi, akwai sauran ruwa a cikinta ko da fuskar ta yi kamar ta bushe. Kada ka kai ta rana, zafi zai lanƙwasa ta kuma kala mai arha tana kwaɗewa a rana. Sai ta koma ɗumin ɗaki sannan ka cire tef, a hankali, kana jan sa waje nesa da zanen. In ta ɗan tanƙware, kifa ta a kan tsabtataccen ƙyalle, ka ɗora wani a bayanta, ka bi da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, sannan ka danne ta da littattafai ta kwana.

Hatimi

Hanya biyu ce. Rubutu irin su "Barka da Sallah" ko "Allah ya raya", kai wa masu yin hatimin ofis, waɗanda akan samu a kusa da kotu da sakatariya da shagunan buga takardu. Yawancinsu yanzu da kwamfuta suke fitarwa, haruffa su fito tsaf. Faɗa musu ba ka son da'ira ko akwati a kewaye, kuma a ɗora maka a kan katako, ba irin mai tawada a ciki ba, don ka riƙa sauya launi. Tsawon kada ya wuce santimita 7. Ka duba da idonka cewa ɗ da ƙ da ɓ sun fito da ƙugiyarsu kafin a yanka.

Siffofi kuwa ka sassaƙa da kanka, nan ne daɗin aikin yake. Sayi babbar farar kilina mai laushi. Zana abin da kake so a takarda da fensir 2B, ka cike shi baƙi ƙirin, ka kifa a kan kilinar ka murza bayan da farce. Zanen zai koma jikinta a juye, kuma haka ake so, domin hatimi yana juya duk abin da ke kansa. Wanda ya rubuta harafi kai tsaye a jikin roba zai gan shi a birkice a kan kati, boko ne ko ajami. Da reza sabuwa, bi gefen zanen kana karkata bakin waje, yadda gindin layin zai fi samansa faɗi. In ka yanka ta ƙarƙashin layi, zai karye bayan bugu kaɗan. Zurfin milimita 2 ya isa. Cire duk abin da ba baƙi ba, ka yanke gefunan da suka rage don kada su ɗauki tawada. Bakin reza kullum ya fuskanci nesa da yatsun da ke riƙe, in kuma mai baki biyu ce a naɗe ɗaya da tef. Yara su yi fenti da bugu, yanka na manya ne. Manyan siffofi marasa ƙananan layuka ana iya yanko su da almakashi daga tsohon tub na taya, a manna a guntun katako.

Me za a sassaƙa? Ban ga dalilin kwaikwayon furannin wasu ƙasashe ba alhali garinmu cike yake da siffofi masu sauƙin yanka. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, hawa-hawa ce mai tsukewa zuwa sama, layukanta miƙaƙƙu, mai koyo zai iya fitar da ita a zama ɗaya. Buga ta baƙa a ƙasan bango mai ruwan goro, duk Bakatsinen da ke zaune a Legas ko Abuja zai gane gida da kallo ɗaya. Akwai zankwayen soro, da bakin ƙofar gari irin Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Sauri, da laimar sarki da kakaki da ake gani ranar hawan Sallah. Mutanen Daura suna da takobi da gugan rijiyar Kusugu, ga katin Sallar Gani. Jinjirin wata da tauraro su ne mafi sauƙi. Dagin Arewa ya fi wuya saboda layukansa masu shiga juna, a bar shi sai hannu ya faɗa. Ganyen lalle ƙarami guda, in aka maimaita shi a gefe, ya zama ado na katin amarya. Gidaje da yawa ba sa son hoton mai rai, irin waɗannan siffofi sun kawar da wannan damuwa.

Wani abu da nake ganin ya kamata a kiyaye: kada a buga ayar Alƙur'ani a fuskar kati. Kati yana iya faɗuwa ƙasa, yara su ɗauka, ko wata rana a share shi da shara. Addu'ar da ke da sunan Allah ma, a ba wanda aka san zai adana.

Tawada da tsarin bugu

Tawadar soson hatimi na ofis, shuɗiya ko shunayya, yawancinta ta ruwa ce, danshi kaɗan ke sa ta nashe. Wannan bai hana amfani da ita ba, sai dai ya ƙayyade tsarin aiki: launi tukuna, bushewa sarai, sannan hatimi, kuma ruwa ba zai sake kusantar takardar ba. In kana son ka fara buga siffa sannan ka cike cikinta da kala, sai ka nemi tawadar da ruwa ba ya motsa ta, irin su VersaFine ko StazOn, waɗanda galibi sai an yi odarsu ta intanet. Kowace ka samu, gwada ta: buga a ƙyallen takarda, bari ta bushe, ka bi ta kai da jiƙaƙƙen buroshi. Abin da ka gani shi ne gaskiyarta, ba abin da mai shago ya faɗa ba.

Shimfiɗa takardu biyar ko shida a ƙarƙashi, a kan tebur mai ƙarfi da ba ya rawa. Wannan ɗan laushin ne ke sa ko'ina na hatimin ya taɓa. Kada ka nutsa hatimi cikin soso. Ɗan taɓa-taɓa ake yi sau da yawa, sannan a juyo a duba ko ko'ina ya ɗauka, a goge wadda ta taɓa gefe. Bugun farko kullum a takardar gwaji. Sa alama da fensir mara nauyi inda zai zauna. Sauke shi a miƙe, danna da tafin hannu ko'ina daidai, ƙirga zuwa biyar, riƙe takardar da ɗaya hannun ka ɗaga a miƙe. Kada ka girgiza shi hagu da dama da niyyar ya kama sosai, girgizar ce ke haifar da inuwa biyu. In wani ɗan wuri bai fito ba, cike shi da siririn alƙalami mai launi ɗaya. Sake bugawa a kan na farko kusan ba ya taɓa dacewa.

Game da wurin zama, siffa mai nauyi ta fi kyau a ƙasa ko a gefe, rubutu a inda launi ya fi haske. Bar fili. Bangon da ka sha wahalar shimfiɗawa yana buƙatar a gan shi, hatimi biyu ko uku sun ishi fuska ɗaya. Baƙar tawada a kan shuɗi mai duhu ɓacewa take yi, a irin wannan bango sai a buga rubutun a siririyar farar takarda a manna.

Haɗawa da rubutun ciki

Rage gefuna da rula da reza, kana jan bakin sau biyu ko uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. In kana son farin gefen da tef ya bari, rage shi daidai ta ko'ina. Tef mai gam fuska biyu ya fi tsabta wurin mannawa. In farin gam irin na kafintoci ne, shafa shi siriri da yatsa, domin akwai ruwa a cikinsa, in ya yi yawa zai ratsa ya taɓa launi. Danne da littafi na awa ɗaya. Ɗigo-ɗigon biro mai ruwan zinariya a kan taurari ko bakin laima yana ɗaga katin, amma kaɗan. In kwalin mai duhu ne, manna farar takarda a ciki.

Rubutun ciki da hannu za ka yi, kuma da irin kalmar da kake kiran mutumin a gida. Wanda za a kai wa mahaifi zai iya cewa, "Baba, barka da Sallah, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya maimaita mana." Na mai jego, "Yaya, barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa." Na amarya daga ƙanwar mahaifinta, "'Yata, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, daga Gwaggonki." Na wanda ya sauke Alƙur'ani, a yi masa bango mai kore da gefe irin na zayyanar allo. Fara rubutawa a wata takarda ka ga tsawonsa, kuma ka sa kwanan wata a ƙasa.

Idan katin Sallah da yawa za ka yi, kada ka gama ɗaya sannan ka fara wani. Tun tsakiyar azumi ka yi bango duka a rana ɗaya, washegari bugu, rana ta uku yanka da manna. Launin A4 guda a shimfiɗa shi gaba ɗaya sannan a yanka huɗu, kowane yanki zai fito da nasa fasali. Ka yi fiye da adadin da kake buƙata, don wasu za su ɓaci, kuma ɓatattun ma ana yanko wurare masu kyau daga jikinsu a yi adon ambulan.

Bayan an tashi, goge hatimi da ɗanyen tsumma, kada a sa masa kananzir ko fetur, suna cinye roba. A ajiye shi cikin gwangwani mai murfi nesa da rana, don zafi yana busar da roba ta tsattsage. Soson tawada a rufe shi ruf a kifa shi fuska ƙasa, a sa cikin leda lokacin hunturu. Buroshi a wanke, a gyara tsininsa da yatsa, a kwantar da shi ya bushe, ba a barin sa tsaye cikin kofin ruwa. Katin da za a ba direba a tasha ya kai wani gari, a sa ambulan ɗin cikin leda a ɗaure, musamman da damina.